Hukuncin Karanta Alkimiyar Sinawan Dā da Shan Maganinta

TAMBAYA: Malam, ina karanta tarihin ƙasar Sin, na ci karo da masu harhaɗa "maganin rashin mutuwa". Ya halatta in zurfafa a wannan karatu? Kuma mene ne hukuncin shan maganin da aka haɗa a kan tafarkinsu?

AMSA: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗan'uwa, wannan sana'a ta tsiro ne daga wata tsohuwar aƙidar Sinawa mai suna Tao, wadda ke ganin komai yana jujjuyawa tsakanin wasu ƙarfi biyu kishiyoyin juna da suke kira "yin" da "yang", don haka wanda ya gane sirrin juyin zai iya mayar da jikinsa kamar zinariya, ba tsatsa ba ruɓewa. Abin da ya ruɗe su wani jan dutse ne da Larabawa ke kira zunjufur. In aka gasa shi, zaiba ce ke fita tana sheƙi. In aka haɗa zaibar da farar wuta aka sake gasawa, sai ja ya dawo. Wani babban malaminsu, Ge Hong (283 zuwa 343), ya kafa hujja da wannan, ya ce ganye ƙonewa yake ya zama toka, dutsen kuwa yana komawa asalinsa. Sukan maimaita gashin har sau tara, galibi tare da dalma.

To, jikin mutum ba tukunya ba ce. Zaiba da dalma taruwa suke a jiki, su lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa: hannu ya riƙa rawa, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, hankali ya gushe. Sarakunan daular Tang da dama sun halaka ta haka, cikinsu har da Muzong a 824 da Wuzong a 846.

Karanta wannan a matsayin tarihi halal ne ga mai tsayayyar aƙida, har da amfani a ciki, domin daga murhun waɗannan mutane albarushi ya fito. Sai dai kada ka kafa hujja da "ku nemi ilimi ko a Sin yake", malaman hadisi ba su inganta shi ba.

Gaskata cewa wani haɗi yana hana mutuwa kuwa ƙaryata Alƙur'ani ne, domin Allah Ya ce bai sanya dawwama ga wani mutum ba (Anbiya'i: 34). Da wannan kwaɗayin Iblis ya yaudari Annabi Adamu, ya nuna masa "itaciyar dawwama" (Ɗaha: 120). Kuma a hadisin Usamatu bin Sharik, Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, ya ce kowace cuta tana da magani ban da tsufa.

Shan abin da aka tabbatar yana cutarwa haramun ne, saboda hadisin "ba cuta, ba cutarwa". Har yau ana sa wannan jan dutse a wasu magungunan gargajiya na Sin. Duba jikin kwalin: in ka ga "zhusha" ko "cinnabaris", kada ka sha sai ƙwararren likita ya amince, kada kuma ka ba yaro ko mai ciki. Wallahu a'alamu.