Hukuncin Yin Tiyata Don Rage Nonon Namiji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24 daga Tudun Wada, Kaduna. Tun ina sakandare ƙirjina ya fito kamar na mace, har yau bai koma ba. Ko ƙwallo ba na iya bugawa saboda tsokanar abokai. Wani ya ce min idan na yi tiyata na canja halittar Allah. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ya halatta ka nemi magani, har da tiyata idan likita masani ya ga ita ce mafita. Amma kada ka fara da wuƙa.

Wanda ya tsoratar da kai yana nufin aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su canja halittar Allah, da hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a Bukhari da Muslim wanda aka la'anci masu yin wushirya don ado. Sai dai a cikin hadisin akwai ƙaidi: "don ƙawa". Imam Nawawi a sharhin Muslim ya tsaya a kan wannan kalma, ya bayyana cewa idan don magani ne ko gyaran aibi a haƙori, babu laifi. Ga kuma Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. To wanda ya mayar da ƙirjinsa yadda aka san ƙirjin maza, komawa ya yi ga asalin halitta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta tiyatar gyaran aibi, ta hana wadda ake yi don son rai kawai.

Abin da ya sa na ce kada ka yi gaggawa shi ne, hukunci yana bin sanin abu, kuma likitoci sun raba wannan larura gida biyu. Akwai wanda kitse ne kawai ya taru masa saboda ƙiba. Wannan maganinsa rage tuwo da maiƙo da lemon kwalba, da motsa jiki. Ban ga hujjar ya kwanta a yanka shi ba alhali bai gwada wannan ba. Akwai kuma wanda tsokar nonon ce da kanta ta girma, saboda sinadarin mace da ke jikin kowane namiji ya rinjayi na maza. Hakan yana yawan faruwa lokacin balaga, kuma galibi yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Shi ya sa nake ce wa iyaye su bar yaro ɗan 13 ko 14 ya huta, kada a matsa masa ƙirji ko a ɗora masa abu mai zafi, cutarwa ce kuma shari'a ta hana. Naka kuwa ya daɗe, kuma tsokar da ta wuce shekara takan yi tauri, ƙwaya ba ta cika narkar da ita ba.

Wani lokacin nonon alama ce ta wani ciwo a ɓoye: hanta, ƙoda, maƙoƙo, ko ƙari a maraina. Wasu magunguna ma suna jawo shi, kamar spironolactone na hawan jini da cimetidine na gyambon ciki. Mai shan irin waɗannan kada ya daina da kansa, ya koma wa likitan da ya rubuta masa. Amma giya, da allurar kumbura damtse da samarinmu na gidajen ɗaga ƙarfe suka ɗauka abin burgewa, barinsu wajibi ne ko da nono ko babu. Idan kuma ɓari ɗaya ne ya yi ƙullutu mai tauri, ko kan nonon yana fitar da jini, to a nan zuwa asibiti ya tashi daga halal ya zama dole, domin maza ma suna kamuwa da sankarar mama, ko da yake ba su da yawa.

Ka je asibitin koyarwa, Barau Dikko a nan cikin gari ko na Shika a Zariya, a duba jininka tukuna. Ka guji masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa. Wanda zai ba ka garin da ke maganin basir da sanyi da nono a ƙulli ɗaya, kuɗinka yake so. Sharaɗin tiyatar shi ne mai yin ta ya zama ƙwararre, kuma amfanin ya rinjayi cutarwar.

Wata matsala da ba ka tambaya ba, amma na san tana damun masu irin larurarka: wannan bai mayar da kai mata-maza ba. Malaman fiƙihu suna duba fitowar nono ne ga wanda al'aurarsa ta rikitar tun haihuwa. Kai namiji ne a sahun salla, a gado, a aure, kuma al'aurarka tana nan tsakanin cibiya da gwiwa. Abokanka masu tsokana kuwa, a karanta musu aya ta 11 a Suratul Hujurat.

Wallahu a'alam.