Tambaya da Amsa: Matakai 12 da Zaman Masu Barin Shaye-shaye

Wasiƙun wannan wata duk sun taru ne a kan abu ɗaya, wato yadda waɗanda suka bar giya ko ƙwaya ke riƙe junansu don kada su koma. Kamar kullum, mun sakaya sunaye.

Ɗana shekararsa 24, tiramol da kodin yake sha. Sau biyu muna kwantar da shi a asibiti, yana fitowa garau, kafin wata biyu ya koma ruwa. An ce mini akwai wani tsari mai matakai 12. Mene ne shi? (Wata uwa daga Zariya)

Hajiya, Allah ya shirya mana. Asibiti ya yi nasa aikin, ya fitar da ƙwayar daga jikinsa. Abin da ya rage shi ne majalisar da yake zama, da lambar dillalin da ke cikin wayarsa, da zaman banza tsakanin la'asar da isha'i. Wannan giɓin ne tsarin yake cikewa.

Asalinsa daga Amurka ne. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo, wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson da wani likitan tiyata, Dokta Bob Smith, suka lura cewa idan ɗayansu ya zauna ya gaya wa ɗan'uwansa gaskiyar halin da yake ciki, yakan wuni bai sha ba. Daga nan aka kafa Alcoholics Anonymous, ƙungiyar da masu barin giya ke haɗuwa a zama suna taimakon juna, aka buga matakan a 1939. A 1953 masu shan ƙwaya suka kafa tasu a Kalifoniya, Narcotics Anonymous, bisa tsari iri ɗaya.

Matakai uku na farko saduda ne: mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa kuma rayuwarsa ta dagule, ya yarda akwai mai ikon da ya fi nasa da zai iya dawo da shi hayyacinsa, sannan ya miƙa lamarinsa ga Allah. Na huɗu da na biyar, ya rubuta halayensa da ɓarnarsa ba tare da ƙawatawa ba, ya karanta wa mutum ɗaya amintacce. Na shida da na bakwai, ya shirya rabuwa da munanan halayen, ya roƙi Allah ya raba shi da su. Na takwas da na tara, ya lissafa waɗanda ya cuta, ya je ya gyara. Ukun ƙarshe ba sa ƙarewa: bin diddigin kai kullum, addu'a da tunani, da taimakon wanda ya zo bayansa.

Yana aiki? A kan giya hujjar tana da ƙarfi. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Cikin waɗanda aka haɗa da irin wannan zama ta hanyar da aka tsara, kashi 42 cikin 100 sun cika shekara ba su kurɓa ba, a kan kashi 35 na waɗanda aka yi wa wasu hanyoyin jinya. A kan ƙwayoyi irin na ɗanki hujjar ba ta kai haka ba, shi ya sa muke cewa a haɗa zaman da ganin likita. Ki kuma lura da lissafin: ko a inda abin ya fi kyau, fiye da rabi sun zame cikin shekarar.

Abu ɗaya ba za ki iya yi masa ba, shi ne mataki na farko. Kina iya biyan kuɗin mota zuwa zaman. Ki daina biyan bashin da ya ciwo wurin dillali, ki daina rufa masa asiri wurin mahaifinsa.

Shekara shida ina shan giya kullum, da dare kuma in haɗa da roche don in yi barci. Na yanke shawara daga gobe na daina gaba ɗaya, in nemi irin wannan zama. (Wani magidanci daga Sabon Gari, Kano)

Malam, niyyar ta yi, amma kada ka yanke a rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Giya da roche, da ɗan'uwansa diyazefam, duk danne ƙwaƙwalwa suke yi. Ta saba tana tura ƙarfi don ta rama, idan aka janye su kwatsam sai ƙarfin ya yi ambaliya. Rawar hannu da gumi da tashin zuciya kan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan zo cikin awa 48. Daga kwana biyu zuwa huɗu akan shiga ruɗewa, zazzaɓi, ganin abin da babu, kuma wannan yana kisa idan ba a asibiti ake ba. Na roche yana iya jinkiri ya zo bayan kwanaki, don haka a hankali likita ke rage shi, cikin makonni.

Ka je sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Na Kaduna su je Barnawa, na Sakkwato su je Kware. Ka faɗi ainihin yawan kwalabe da ƙwayoyin da kake sha, domin da wannan lissafin ake auna maganinka. Wanda ya rage adadi don kunya kansa ya cuta. Za a ba ka sinadarin tayamin, domin giya tana ƙarar da shi, rashinsa kuma yana lalata tunani. Zama kuwa kana iya fara zuwa tun yau. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: son dainawa.

Masu kodin da tiramol, naku janyewar wahala ce mai tsanani, ciwon gaɓoɓi, zawo, hamma, rashin barci, takan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, ta lafa cikin mako guda ko kwana goma. Amma tiramol yana da nasa sharrin na jijjiga, musamman masu miligiram 200 da 225 da ake sayarwa a bayan fage, alhali iyakar abin da likita ke bayarwa a wuni 400 ne.

Na ji asalin tsarin na Kirista ne, kuma mataki na biyar yana sa mutum ya tona zunubinsa ga wani. Ba a umurce mu da rufa wa kanmu asiri ba? (Wani malamin Islamiyya daga Katsina)

Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne waɗanda suka kafa shi sun fito ne daga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group. Daga baya suka ware, suka bar kowa da Ubangijinsa, ba sa wa'azin wani addini a zama. Musulmin birnin Baltimore na Amurka sun sake rubuta matakan bisa Alƙur'ani da Sunna a 1989, suka kira tsarinsu Millati Islami. Don haka mutanenku suna iya buɗe zama da Fatiha, na coci su buɗe da tasu addu'ar.

Hadisin da ya yi gargaɗi a kan masu bayyana saɓo yana magana ne a kan wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, ya wayi gari yana ba da labari. Mataki na biyar ba a bainar jama'a ake yinsa ba. Mutum ɗaya ake zaɓa, a keɓe, don neman magani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dalilinsa a aikace shi ne mai shaye-shaye ya ƙware wajen yi wa kansa ƙarya. Abin da ya rubuta shi kaɗai yakan cika shi da uzuri, sai ya karanta da baki a gaban wanda ya san dabarun sannan uzurin ke zubewa. Ba kuma dole ne mai sauraron ya zama ɗan ƙungiya ba, malami mai riƙon amana ko likita ya wadatar. Sauran hukuncin ku ne masana. Sai dai muna tuna muku da mutumin da aka riƙa kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Ɗalibinku da ya zame yana bukatar ya san ƙofarku a buɗe take.

Wata biyar ke nan ban sha komai ba. Na tsaya a mataki na huɗu, ban san me zan rubuta ba. Kuma na taɓa sayar da sarƙar zinaren mahaifiyata, har yau 'yar aiki ake zargi. (Wani matashi daga Maraɗi)

Ɗan'uwa, nemi littafin rubutu, ka ja layi ka raba shafi gida huɗu. Gida na farko: wanda kake jin haushinsa, mutum ne ko makaranta ko hukuma. Na biyu: abin da ya yi maka, a jimla ɗaya. Na uku: me ya taɓa a jikinka, mutuncinka ne, aljihunka, ko zumuncinka. Na huɗu: naka laifin a cikin lamarin. Ka cike gida na farko daga sama har ƙasa kafin ka taɓa na biyu, in ba haka ba za ka maƙale a kan mutum ɗaya kana ta tafasa. Gida na huɗu shi ne aikin, sauran ukun share fage ne. Bayan haka ka buɗe shafin abubuwan da kake tsoro, da shafin waɗanda ka cuta. Minti 30 a rana ya isa, ka sa wa kanka wa'adin mako huɗu zuwa shida. Masu jan shi wata da watanni sukan koma sha a tsakiya, domin sun tono ciwo sun bar shi a buɗe. Littafin kuma a kulle shi.

Batun sarƙa na mataki na tara ne, kada ka tsallaka can kai kaɗai, ka shirya shi da jagoranka, wato ɗan zaman da ya riga ka dainawa kuma yake bi da kai matakan. Amma ga yadda yake. "Ki yafe mini" kawai ba gyara ba ne. Ka je wurin Hajiya da magana uku: ni na ɗauka, ga kimar kuɗinta a yau, ga abin da zan riƙa kawowa duk wata. Kada ka haɗa da "ai lokacin ba na cikin hayyacina". Sannan haƙƙin da ya fi nauyi na yarinyar nan ne: a wanke ta a gaban duk waɗanda aka zarge ta a gabansu, in an kore ta ko an riƙe albashinta ka biya.

Matakin yana da togiya: ba a zuwa idan zuwan zai cutar da mutumin ko wani. Matar da ka yi lalata da ita, yanzu tana gidan mijinta, ba ka da hurumin buga mata waya don ka sauke nauyin zuciyarka. Tsofaffin abokan shan ma ba a bin su gida.

Garinmu babu irin wannan zama. Mu huɗu ne muka daina, muna so mu fara. (Daga Gusau)

Mutum biyu ma sun isa. Ku sami ɗaki a makaranta ko asibiti, inda shiga ba za ta sa a nuna mutum da yatsa ba. Ku tsayar da rana da lokaci, kada ku saɓa ko da mutum ɗaya ne ya zo. Awa ɗaya. A buɗe da addu'a, a karanta matakan, a ɗauki ɗaya a yi magana a kansa. Kowa minti uku zuwa biyar, a kan kansa kaɗai. Ba a katse mai magana, ba a ba shi shawara a cikin zama, ba a yi masa wa'azi. Wanda ya zo a buge ya zauna ya saurara, a yi magana da shi bayan an tashi. Kada a shigo da ƙwaya ko makami. Sunan farko kawai, babu rajista, babu hoto.

Sabon zuwa ana so ya halarci zama 90 cikin kwana 90. Inda babu zama kullum, a cike da kiran waya da zaman intanet. Ya zaɓi jagora, wanda ya kai kamar shekara da dainawa kuma ya bi matakan, namiji ga namiji, mace ga mace. Ya kira shi kullum, kuma ya kira kafin ya sha, ba bayan ya sha ba. Alkawarin na wuni ɗaya ne, gobe a sabunta.

Abubuwan da ke kashe zama sanannu ne. Kuɗin waje shi ne na farko: ku zagaya da kwano ku sayi shayinku, domin ɗan siyasar da ya ba ku kujeru zai dawo da mai ɗaukar hoto. Sai mutum ɗaya ya mai da zaman nasa, don haka a riƙa sauya mai jagorantar zama da ma'aji duk wata uku ko shida. Sai fitar da magana. Rana ɗaya aka ji sirrin wani a majalisa, zaman ya watse. Sai tsohon ɗan zama ya fara neman sabuwar zuwa. Mafi haɗari, wani ya ce wa ɗan'uwa ya ajiye maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta masa wai shi ma ƙwaya ce. Babu likita a cikinku. Kuma ba a tsare kowa, ba a ɗaure kowa. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane wasu da mari a ƙafa, ba jinya ba ne.

Ni matar aure ce, maganin tari nake sha, ba zan iya zama cikin maza ba.

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya a Najeriya ɗaya mace ce. Zaman mata zalla ya halatta a tsarin, ko a gidan ɗayarku da hantsi, ko ta waya. In kina da ciki kada ki yanke kodin da kanki, janyewar tana iya taɓa cikin. Ki gaya wa likitar awo.

Bayan wata bakwai na zame, na sha na kwana biyu. Kunya ta hana ni komawa zama. (Daga Agadas)

Ka koma a zama na gaba, ka faɗa da bakinka, a sake ƙirga kwanaki daga ɗaya. Ku zauna da jagoranka ku bi makonni biyun da suka gabaci zamewar: yaushe ka fara fashin zama, yaushe ka daina kira, wa ka haɗu da shi, wane kuɗi ya shigo hannunka. Galibi a nan ake ganin inda ta fara.

In tiramol ne ko kodin ko allurar fenta, ka san cewa wata bakwai sun sauke juriyar jikinka. Adadin da kake sha a da yana iya tsayar maka da numfashi yanzu, balle an haɗa da giya ko roche. Ka gaya wa na gida alamun: barcin da ba a iya tada mutum, numfashi sama-sama ko minshari mai gurnani, leɓe ya yi shuɗi ko toka-toka, ƙwayar ido ta tsuke. Su kwantar da kai ta gefe, kada su ɗura maka madara ko manja, su garzaya asibiti su faɗi abin da ka sha don a yi maka allurar naloksan, mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi. Idan zamewar ta maimaitu, ka tambayi likita ko akwai maganin rage sha'awa da ya dace da abin da kake sha, ka ci gaba da zuwa zama kana shan sa.