Tsutsa a Ciwon Kaza da Sauran Tambayoyinku ga Likitan Dabbobi

Tambaya: Likita, kajina suna yin ƙwai mai laushin ɓawo, wani ma ba ɓawon sam. (Wani mai kiwo daga Bichi)

Amsa: Malam, dusa da tsaki kaɗai ba sa gina ɓawo. Ka ƙara musu garin ƙashi, ko ka gasa ɓawon ƙwai ka daka ka zuba a abincinsu. In mako biyu ya wuce ba canji, ko ka ji suna tari, likitan dabbobi ya duba su.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kazata mai kwanci ta daina cin abinci, tana wari. Da na ɗaga wutsiyarta sai na ga tsutsotsi cike a gefen duburarta. Maƙwabciyata ta ce tsutsar daga cikin cikinta take fitowa, in ɗiga mata fiya-fiya ko kananzir. Wata kuma ta ce in bar su, ruɓaɓɓen nama suke cinyewa. Wanne zan bi? (Wata uwargida daga Funtuwa)

Amsa: Hajiya, kada ki bi ko ɗaya. Kuma ki karanta wannan amsa da kazar a kusa da ke, domin wannan ciwo da sa'o'i ake lissafa shi, ba da kwanaki ba.

Tsutsar nan ba daga ciki ta fito ba. Ƙuda ne ya saka ta, wannan babban ƙuda kore ko shuɗi mai sheƙi da kike gani a mahauta da kan mushe. Wari yake bi. Da ya sami rauni a buɗe, ko gashin da zawo ya jiƙe ya daskare a kusa da dubura, sai macen ta zuba ƙwai sama da 100 a zama ɗaya, farare ƙanana a cure wuri guda kamar ɓarzajjiyar shinkafa. A yanayin zafi da laima irin na damina, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, wani lokaci ma bai kai ba. Tsutsar ta yi kwanaki kaɗan tana ci tana girma, sannan ta faɗo ƙasa ta shige cikin turɓaya ta rikiɗe ta zama sabon ƙuda. Warin ciwon kuma yana kiran wasu ƙudajen, su ma su zuba nasu. Kaza mai kwanci ta fi shiga wannan hali saboda tana zaune wuri ɗaya, ba ta wankan ƙasa sosai, kuma ba mai ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta.

Maganar mai cewa a bar su tana da ɗan tushe, shi ya sa take da haɗari. Gaskiya ne a wasu asibitoci ana amfani da tsutsar wani nau'in ƙuda, wadda aka raina cikin tsafta a ɗakin gwaji, don share mataccen nama a gyambon da ya ƙi warkewa. Amma wadda ke jikin kazarki daga bola uwarta ta taso, ɗauke da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wani nau'i a nan Afirka da Asiya da tsutsarsa ba ta jiran nama ya mutu, lafiyayyen take haƙawa ta nutse ciki. Da ido ba za ki bambance su ba. Fatar kaza siririya ce ƙwarai, tsakanin dubura da kayan ciki kuma ba nisa.

Fiya-fiya kuwa, wallahi abin yana ɓata mini rai. Duk damina sai an kawo mana kaji da tumaki da aka zuba wa maganin ƙwari irin su Sniper, ko fetur, ko kananzir, ko baƙin mai na inji a kan ɗanyen rauni. E, tsutsar da ke sama za ta mutu. Amma gubar tana ratsa naman ta shiga jini, sai ki ga kaza tana karkarwa, yawu na zuba, ta mimmiƙe. Kananzir da fetur suna ƙona naman da ya rage da rai, ramin ya ƙara faɗi, tsutsotsin da suka mutu a can ciki su ruɓe a wurin. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ga yara suna wasa a tsakar gidan, ga hannun da ya taɓa gubar shi zai tuƙa tuwon dare. Toka da barkono ma ban yarda da su ba, azaba ce kawai.

Ga aikin da za ki yi. Ki ware ta daga sauran kajin, don in sun ga ja za su yi ta sarar wurin. Ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda. Ki dafa ruwa lita ɗaya, ki zuba gishiri ƙaramin cokali biyu ba tare da tozo ba, ki bari ya huce ya zama ɗumi. Ki sa almakashi ki datse gashin da ke kewaye da ciwon, ki faɗaɗa sosai, domin sau da yawa abin da ke ɓoye ƙarƙashin gashi ya fi wanda ake gani. Sai ki zaunar da bayanta cikin ruwan a roba na kamar minti 10 zuwa 15, kina riƙe da ita kanta a sama. Da yawa za su fito da kansu. Waɗanda suka maƙale ki sa hantsaki ki cire su ɗaya bayan ɗaya, ki riƙa fesa ruwan gishirin cikin kowane lungu da sirinji marar allura. Aikin yana da ƙyanƙyami, na sani, amma babu maganin da ya maye gurbin hannu a nan. Ki kankare curin ƙwan da ke manne a gindin gashi, ki zuba duk abin da kika cire a tafasasshen ruwa. Kada ki watsar a ƙasa, sabon ƙuda kike shukawa.

Bayan nan ki sirka aidin da dafaffen ruwa har ya koma launin shayi marar kauri, ki wanke wurin da shi. Ki tsane ta da tsumma mai tsafta, ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar kaza marar lafiya sanyi na kama ta da wuri. Ki fesa maganin rauni na dabbobi, mai launin shuɗi ɗin nan da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi. Ki sa ta a kwando a inuwa, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro da aka wanke, da ruwan sha da abinci a gabanta.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne su yi sau ɗaya su ce an gama. Ƙwan da ya tsere wa idonki yau, gobe tsutsa ne. Safe da yamma za ki riƙa buɗewa kina dubawa kina wankewa, aƙalla kwana uku, har sai kin daina ganin komai yana motsi.

In ramin ya yi zurfi har ba kya ganin ƙarshensa, ko naman ya yi baƙi, ko tsutsa ta shiga cikin duburar kanta, ko kazar ta kasa tsayuwa, wannan ya wuce aikin gida. Ki kai ta asibitin dabbobi a ranar. Likita ne zai ga ko tana bukatar allurar kashe ƙwayoyin cuta ko maganin kashe tsutsa irin su ivermectin, da adadin da ya dace da nauyinta. Kada ki fasa kafso ja da rawaya na mutane ki zuba mata a ruwa. In kuma tsutsa ta riga ta huda cikinta, tausayi shi ne a hutar da ita. Sannan ki nemi abin da ya fara jawo ƙudan: zawo ne, ko ƙaimin zakara ya yage ta, ko muzuru ko shaho ya kai mata hari, ko duburar ce ta zazzago wajen ƙwai. In zawo ne, sauran kajin ma suna kan hanya, a nuna su ga likita.

Tambaya: In kaza ta yi irin wannan ciwo, a iya yankawa a ci? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Wadda ciwonta ke wari, ko aka zuba wa guba, a'a. A binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba. Wadda ta warke bayan allura, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin a ci namanta ko ƙwanta. Ka tambayi likitan da ya yi allurar.

Tambaya: Ƙuma ta addabi akurkina, kajin ba sa barci. (Wata malama daga Azare)

Amsa: Ki kwashe shimfiɗar ki ƙona, ki share tsagogin bango da katako, nan suke ɓuya da rana. Ki sayi hodar ƙuma ta kaji a shagon magungunan dabbobi, ki maimaita bayan mako guda. Ban ce fiya-fiya ba, Malama.

Tambaya: Duk hunturu sai kajina sun ƙare, suna murɗe wuya da koren kashi. (Wani matashi daga Gumel)

Amsa: Alamun cutar Niyukasil ne, ba ta da magani sai rigakafi. Akwai rigakafin Lasota, akwai kuma na I-2 mai jure zafi da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi. A ba su kafin sanyi ya shigo, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Amma in suna zubewa da yawa dare ɗaya, kada ka taɓa, kada ka kai kasuwa. Ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin murar tsuntsaye ta sha dawowa tun da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006.

Tambaya: Likita, tsutsar nan tana kama mutum? Kakata tana da gyambo a ƙafa. (Wata 'yar makaranta daga Kumasi)

Amsa: Daga kaza ba ta tsallakowa, 'yata, amma ƙudan da ya sauka kan kaza zai sauka kan gyambon da aka bari a buɗe, musamman na tsofaffi da masu ciwon suga. A rufe shi da bandeji mai tsafta, a riƙa canzawa kullum. Ni likitan dabbobi ne, don haka ku kai Kaka asibiti a duba ƙafar, a gwada mata suga, ko da ba ku ga tsutsa ba. In kun gani kuwa, a ranar za ku tafi.