Jakar mangala a kan Honda Shadow: fara da ƙarfen da zai riƙe ta

Salamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka sayi Honda Shadow 750, kana son jakar gefe don tafiyar Garwa zuwa Ngaundere, kana tambaya ta fata ce ta fi ko akwatin roba. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma ni da ƙarfen da zai riƙe jakar zan fara maka, don a nan yawancin mutane ke yin asara.

Irin da ake yafawa a ƙarƙashin kujera, kamar mangalar jaki, ita ce mai arha, kuma ka cire ta lokacin da ka ga dama. Matsalarta lilo. In babu ƙarfe tsakaninta da taya, ramin farko da ka faɗa sai ta leƙa ciki, ta gogi shoka ko ta kama wayar taya. A gefen dama kuma salansa biyu na jiranta, don Shadow duka a nan suke. Na ga wata a wajen bakanike, gindinta ya narke, rigar ruwan da ke ciki ta manne da ƙarfe.

Ga yadda na yi tawa. Na je wurin mai walda ya lanƙwasa min rodi mai kaurin milimita 10, aka ɗaure shi a kusoshi biyun da ke riƙe da madigadin baya a kowane gefe. Kada ka bari ya yi walda a jikin firam, ko da ya rantse maka. Kusoshin asali za su gaza tsawo, sai ka nemi dogaye masu lamba 8.8 a ka, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Amma su ma kada su zarce ciki har su taɓa taya. A cikin jakar a sa falle na ƙarfe ko babban washa, in ba haka ba ƙusa za ta yaga fatar a hankali.

Awo kuwa kada ka yi shi mashin na tsaye babu kowa. Ka cika jakar, ka hau, wani ya hau bayanka, sannan a duba. Tsakanin gindin jaka da salansa a bar aƙalla santimita 5, yatsu uku ke nan. A duba sigina ma, sau da yawa sai an matsar da ita baya kusa da lamba. In taka mai sarƙa ce, ba mai shaf (sandar ƙarfe da ke juya tayar baya) ba irin Shadow Aero ta 2004 zuwa sama, jakar hagu za ta sha baƙin mai.

To, fata ko roba? Akwati yana da makulli, ruwa ba ya shiga, amma ranar da mashin ya kwanta ya tsage, ka shiga neman wanda zai liƙe. Ledar nan mai kama da fata kuwa, ranar Garwa ta Maris da Afirilu ba ta barin ta, sai ka ga tana ɓarewa. Ni fatar saniya na zaɓa, mai kauri kamar milimita 3 zuwa 4. Marwa garin majema da dukawa ne, za su ɗinka maka yadda kake so, sai dai ka je da mashin ɗin su auna, kuma ka ce su sa roba mai tauri a baya da ƙasa don kada ta saki. Marfin ya rufo baki sosai saboda ƙurar hunturu. Da damina ka sa kayanka a leda kafin su shiga, kana shafa wa fatar man kaɗe jefi-jefi.

Kaya kada su wuce kilo 5 a kowane gefe, kuma ka daidaita su, za ka ji bambancin a kwanonin gangaren dutsen nan da ke tsakanin Mbe da Ngaundere. Kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, kada ta kusanci gefen salansa. Takardun mashin su zauna a aljihunka, kada jandarma ya tsayar da kai kana kwance maɗauri a rana. Bayan tafiyar farko ka sake bin kusoshin da sifana.

Turo hoton bayan mashin ɗin ta dama, in ga inda siginarka take.