Wai Amurka ce ta naɗa Fafaroma Leo?

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ni katikis ne a wata ƙaramar coci a kudancin Kaduna. Tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14, matasanmu ke kawo mini wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai gwamnatin Amurka ce ta miƙa wa kadinal-kadinal, wato manyan limaman da ke zaɓen Fafaroma, sunansa tun kafin su shiga ɗakin zaɓe, shi ya sa ake kulle ƙofa, hayaƙin da ake fitarwa don sanar da sakamako kuma dodorido ne. Har a kasuwa an fara yi mana gori, wani yaro ma ya daina zuwa Misa. Yaya aka faro wannan zaɓe, kuma me zan gaya musu?

Amsa: Malam katikis, sannu da ƙoƙari. Wannan saƙon ya iso ni ta hannun mutane da yawa, har da 'yan boko da ya kamata su fi haka sani, kuma na gaji da shi. Amma na san inda yake samun gindin zama. Mu a nan mun saba idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki su zauna su fitar da sunaye, sannan gwamna ya ɗauki wanda ya ga dama. To da mutum ya ji dattawa sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa, abin da zai fara tambaya shi ne: wane ne gwamnan? Da aka ce sabon Fafaroma haifaffen Chicago ne, ga kuma hoton bogi na Donald Trump cikin kayan Fafaroma da aka sa a shafinsa kwanaki kaɗan kafin zaɓen, sai aka ce ai ga gwamnan nan.

Kada ka ce wa yaran nan masu mulki ba su taɓa sa hannu ba, don idan suka bincika za su kama ka. Sun sa, har wuya. A ƙarnukan farko limamai da jama'ar Roma ne ke zaɓen bishop ɗinsu, daga baya sai an jira amincewar sarkin Rumawa. Fafaroma Gregory Babba kansa a 590 sai da ya jira takardar sarki Maurice daga Kustantiniya. Bayan nan manyan gidajen Roma suka mayar da kujerar abin rabo tsakanin 'ya'yansu. A 1046 sarkin Jamus Henry na 3 ya zo Italiya ya tarar mutum uku kowa na cewa shi ne Fafaroma, ya sa aka kawar da su duka, ya ɗora Bajamushe. Irin wannan ɓarna ce ta sa Fafaroma Nicholas na 2 a 1059 ya mayar da zaɓen hannun kadinal-kadinal, Alexander na 3 kuma a 1179 ya ce sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u.

Kulle ƙofar da mai saƙon ke kafa hujja da shi, ba don a ɓoye umarnin wani aka faro shi ba. Fafaroma Clement na 4 ya rasu a garin Viterbo na Italiya a 1268, masu zaɓe suka rabu tsakanin masu son Faransa da masu ƙin ta, aka shekara kusan uku ba Fafaroma. Mutanen gari suka ƙosa. Suka garƙame su a fadar bishop, suka rage musu abinci zuwa burodi da ruwa, daga ƙarshe suka yaye rufin ginin, rana da ruwan sama su yi musu wa'azi. Uku daga cikinsu sun mutu kafin a gama. A Satumbar 1271 suka ɗauko wani Teobaldo Visconti, wanda ba kadinal ba ne, ko fada bai zama ba, kuma yana can Akka a gabar tekun Sham. Shi ne Gregory na 10, kuma a 1274 a taron Lyon ya mayar da kullen doka: ba saƙo ba baƙo, bayan kwana uku a rage abinci, bayan ƙarin kwana biyar sai burodi da ruwa da ruwan inabi. Wato an rufe ƙofa ne don na ciki su hanzarta, na waje kuma su rasa hanyar shiga.

Sarakuna ba su haƙura ba. Na Faransa da Sifaniya da Ostiriya sun daɗe suna iƙirarin cewa kowannensu na da ikon hana a zaɓi mutum ɗaya da ba ya so. Na ƙarshe ya faru a 1903. Kadinal Puzyna na Krakow ya miƙe a tsakiyar taro ya sanar cewa sarki Franz Joseph na Ostiriya bai yarda da Kadinal Rampolla ba, wanda shi ke kan gaba a ƙuri'u. Aka ƙare da zaɓen Giuseppe Sarto, Pius na 10. Ka lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, maganar ta fito, har sunan ɗan aiken muka sani. Na biyu, wanda ya ci moriyar abin shi ne ya kashe shi, domin a farkon 1904 Pius ya kafa doka cewa duk kadinal ɗin da ya sake ɗauko saƙon wata gwamnati ya shiga da shi, an fitar da shi daga zumuncin Ikilisiya. Dokar John Paul na 2 ta 1996, wadda ake aiki da ita yanzu, ta maimaita haka.

Yanzu ka sa mai saƙon murya ya yi mana lissafi. A Mayun 2025 mutum 133 ne suka shiga ɗakin addu'a na Sistine, daga ƙasashe kusan 70, kuma ana bukatar ƙuri'a 89. 'Yan Amurka 10 ne kacal a ciki. Akwai namu, Kadinal Peter Okpaleke na Ekwulobia, akwai Peter Turkson na Ghana. Kadinal Onaiyekan da Arinze da Okogie ba su yi zaɓe ba saboda sun haura 80, iyakar da Paul na 6 ya sa a 1970. Kowa na rubuta suna shi kaɗai a 'yar takarda, ya sauya rubutunsa don kada a gane hannunsa, ya ninke, ya ɗaga ta sama ya taka zuwa bagade, ya rantse da murya cewa Almasihu ne shaidarsa, sannan ya zura ta a tukunya. Mutum uku da aka fitar ta hanyar jefa ƙuri'ar sa'a su ke ƙirga, ana karanta kowane suna a bainar kowa, ana huda takardun da allura a jera su a zare, wasu uku kuma su sake dubawa. To ta wace kafa za a saye 89 a irin wannan ɗaki, a ce ba ko ɗaya da zai fito ya yi ƙorafi? Kuma wanda aka zaɓa ɗin ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a Peru, har takardar zama ɗan ƙasar ya karɓa, ya yi bishop a Chiclayo. Mai saƙon bai faɗi wannan ba, ƙila bai sani ba, ƙila kuma zai ɓata masa labari.

Hayaƙin kuwa takardun ƙuri'a ne ake ƙonawa, a haɗa da sinadaran da ke ba da launi: baƙi na nufin ba a samu Fafaroma ba tukuna, fari kuma an zaɓa. Da can jiƙaƙƙen haki ake sawa don ya yi baƙi, yakan fito toka-toka, har a 1958 jama'a suka yi ta murna a banza. Shi ya sa tun 2005 ake kaɗa ƙararrawar Cocin Bitrus tare da farin hayaƙi.

Ba na ce maka babu siyasa ba. Kadinal ɗan Adam ne, yana karanta jarida, kuma kwanakin tarurruka kafin a rufe ƙofa ana auna juna sosai. Idan ma akwai mai dogon hannu a zaɓen, marigayin ne: 108 cikin 133 ɗin nan Fafaroma Francis ne ya naɗa su. Wannan abin muhawara ne na gaskiya, kuma a fili yake.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne inda ake yaɗa ƙaryar. A ƙasar da tuni wasu ke kallon coci a matsayin 'yar aiken Turawa, ka ce Amurka ke naɗa shugaban Katolika, ka ɗora wa kowane katikis na ƙauye zargin da bai ji ba bai gani ba, kuma mun san abin da irin wannan zance ke haifarwa a yankinku. Wanda ya naɗi saƙon bai ambaci sunan kadinal ko ɗaya da aka ba umarni ba, bai ce wane ne ya kai ba, bai ce yaushe ba. Ka tara matasan bayan Misa ranar Lahadi, ka kunna musu shi, su nemi waɗannan abubuwa uku da kansu, sannan ka ba su labarin 1903 su kwatanta. Yaron da ya daina zuwa kuwa, kada ka aika masa, ka je gidansu da ƙafarka.