Dattawa shida, yaro ɗaya, babu ko littafi

Wannan tambaya ta zo mini daga Jidda, na ɗan rage mata tsawo:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, haifaffen nan, ina da shagon turare da abayoyi a Balad. Shekara ɗaya da rabi ke nan na kama hayar gida mai ɗaki huɗu na ajiye dattawanmu maza shida, waɗanda 'ya'yansu ke fita aiki ba mai zama da su. Kowane iyali na biyan riyal 2,500 a wata. Ɗan yayata ne ke riƙe da wurin, sai wata mata mai girki da shara da ke tashi bayan la'asar. Yaron kirki ne, a hannuna ya tashi. In an fitar da komai nakan tsira da kamar riyal 6,000. A watan jiya 'yar wani dattijo ta ga gyambo a ƙugun mahaifinta, ta tayar da hankali har da cewa za ta kai ƙara, amma mun ba ta haƙuri. Yanzu ina da riyal 40,000 a hannu. Ina so in buɗe gida na biyu, in kuma nemi tarhis, wato lasisin hukuma, don in huta da barazana. Wani ya ce in na ba shi wani abu zai fito mini da takardar da wuri. Ya kake gani?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abu ɗaya ban samu ba. Ka faɗa mini kuɗin da ke shigowa, ka faɗa mini ribarka, ka faɗa mini halin yaron. Ba ka faɗa mini ranar da gyambon nan ya fara ba. Kuma na san dalili: ba ka sani ba. Yaron ma in ka titsiye shi, "kwanakin baya" zai ce maka. Babu inda aka rubuta.

A nan matsalarka take, Alhaji. Ba a tarhis take ba, ba a gida na biyu ba. Ka danƙa rayukan mutum shida a hannun ɗan yayarka, ka mayar da "yaron kirki ne" ya zama shi ne littafin lissafinka, shi ne mai bincikenka, shi ne shaidarka.

Ban ce yaron mugu ba ne. Na fi zaton ma ya fi ka wahala a wannan harka. Amma bari in gaya maka yadda gyambon kwanciya ke samuwa, don ka ga abin da ya faru a gidan da sunanka ke kan takardar hayarsa. Mutumin da ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa kan danne fata a kan ƙashi, a ƙugu, a tushen gadon baya, a duddugen ƙafa, har jini ya daina isa wurin. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke juya irin wannan majinyaci kusan duk bayan awa biyu, dare da rana. A fatar Balarabe fari wurin kan fara da yin ja, kowa ya gani. A irin fatarmu ba ya nuna ja. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, wanda bai saba ba ya wuce bai lura ba. Kafin fata ta buɗe har 'yar mutum ta ɗaga zani ta gani, an yi darare dattijon nan yana kwance gefe ɗaya, wataƙila a jiƙe, yaronka yana barcin gajiya a falo. Ina laifinsa? Mutum ne. Wa ya ce masa ya juya shi, wa ya koya masa, wa ya taɓa tambayarsa?

Mu zo kan riyal 6,000 ɗin da ke sa ka mafarkin gida na biyu. Mako ɗaya awa 168 ne. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tsayar da aikin ma'aikaci a kan awa 48 a mako. Raba ka gani: kana buƙatar mutum uku da rabi, wato huɗu, kafin a ce a kowane lokaci akwai ido ɗaya a buɗe a gidan. Ido ɗaya fa. Alhali ɗaga babban mutum daga gado zuwa banɗaki aikin mutum biyu ne. Ka sa wa kowane ɗaya riyal 2,000 a wata, ban ma shigar da kuɗin igama, wato takardar izinin zama, da inshorar lafiya ba, ka riga ka kai 8,000. Cire ɗan abin da kake ba yaron yanzu, ka duba abin da ya rage na ribarka. Babu. Kuɗin nan da kake sawa a aljihu duk wata albashin masu kwanan zaune ne da ba ka ɗauka ba. Dattijon nan da fatarsa ya biya ka. Gida na biyu kuma, ribar da za ka samu daga irin wannan hanya za ta fito, sai dai a can ba ka da ɗan yaya na biyu da zai kashe kansa saboda kunyar kawu.

Kunya. Ita ce ke cin kasuwancin mutanenmu a nan fiye da haya da haraji. Ni kaina na sha. Wata shekara lokacin aikin Hajji na bar wa ƙanina rumbun dabino na tafi Makka da sauran kaya. Kullum na kira, "lafiya lau Yaya, komai daidai." Na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya kwana uku, ya ji nauyin gaya mini, yana ta fama da mai gyara shi kaɗai. Na dawo na tarar da katan-katan sun yi tsami. Bai ci mini ko kwabo ba, amma da baƙo ne na ɗauka aiki, da tun daren farko ya kira ni don ya fitar da kansa. Ɗan'uwa ɓoye maka yake yi don kada ranka ya ɓaci, kai kuma ba ka bincikarsa don kada a ce ka zarge shi. Nawa dabino ne, na zubar na sayo wani.

Akwai wata baiwar Allah da na sani a Makka, ta ajiye tsofaffin mata a gidanta kamar yadda ka yi, da kyakkyawar niyya, 'yar ƙanwarta ke kula da su. Wata tsohuwa ta tashi cikin dare za ta kewaya, santsin tayil ya kwashe ta. Nan ta kwana a ƙasa har kiran sallar asuba. Ƙashin ƙugu ya karye. A asibiti likita ya tambaya ƙarfe nawa ta faɗi, wane magani take sha, yaushe ta sha na ƙarshe. Yarinya ta ce wannan, uwar ɗakinta ta ce wancan. Ba 'ya'yan tsohuwar ne suka kai maganar gaba ba, su sun ma yafe. Daga asibitin ta tashi. Gidan ya watse, zumunci ya watse, har yau ita da ƙanwarta ba sa ga maciji.

Ka riƙe wannan da kyau, domin kana ganin tunda kun ba 'yar dattijon haƙuri magana ta mutu. Dokar kariya daga cutarwa da aka kafa a 2013 ta lissafa sakaci da buƙatun wanda ke ƙarƙashin kulawarka a cikin cutarwa, kuma ta wajabta wa ma'aikacin da ya ga alamar haka a bakin aikinsa ya kai rahoto. Likita ba ya neman izinin iyali. Maƙwabcin da ya ji nishi ta bango ma lambar 1919 ta kai rahoton cutarwa kawai zai buga. Sannan a 2022 aka fito da dokar haƙƙoƙin tsofaffi da kula da su, wadda ta shafi ɗan ƙasa mai shekara 60 zuwa sama. A cikinta an hana gidan kulawa ya karɓi dattijo sai da yardarsa shi kansa, ko da hukuncin kotu, ko in rayuwarsa na cikin haɗari, kuma hukuncin da ke cikinta na iya kai wa ɗaurin shekara ɗaya da tarar riyal 500,000. To a cikin shidan nan, nawa ne aka tambaya suka ce sun yarda? Ina aka rubuta? Ko 'ya'ya ne suka kawo su da jaka, aka yi musabaha, shi ke nan?

Mai cewa zai fito maka da takarda da wuri kuwa, ka goge lambarsa. Ba zan ɓata tawada a kansa ba. Abin da nake so ka gane shi ne ka fahimci tarhis a juye. Kana ganin laya ce da za ka rataya a bango masu barazana su kauce. Alhali ranar da ka samu tarhis, ranar ka buɗe wa masu bincike ƙofa da hannunka. Gidajen kula da tsofaffi a ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Al'umma suke, wadda muke kira Mawarid Bashariyya. Baladiyya, wato hukumar birni, na da tata magana a kan ginin, Difa'ul Madani, masu kashe gobara, na da tasu a kan gobara da hanyar fita, duk wanda zai yi aikin jinya kuma sai da rajistar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya. Mai bincike in ya shigo, ba ya tambayar ko yaronka na sallah a kan lokaci. Fayil zai ce a ba shi. Wane ne wannan, me ke damunsa, wa ya rubuta masa magani, wa ya ba shi jiya da dare, yaushe aka yi masa wanka, yaushe likita ya gan shi. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsa ba a yi ba, ko da an yi. In kuma ɗan yayar taka da igama yake zaune, sana'ar da ke rubuce a jikinta ba wannan ba ce, to kana neman tarhis za ka jawo masa tarhil, wato kora daga ƙasa. Ka je ka yi wa yayarka bayani.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Yau ɗin nan, ba gobe ba, a kai dattijon nan likita ya duba gyambon, domin irinsa na cin nama ta ciki ya kai ƙashi, yana kuma iya sa wa jini guba. Ka kira 'yarsa da kanka ka gaya mata gaskiya, ka ɗauki kuɗin magani. Ka sa a tuɓe wa sauran biyar ɗin a duba bayansu da dugadugansu a gabanka. Na san da nauyi, sa'o'in mahaifinka ne. Ka daure.

Sannan ka sayi littafi shida, irin na 'yan makaranta, riyal biyar-biyar ma ya isa. Kowane dattijo da nasa, a rataye a gefen gadonsa. Shafi ɗaya rana ɗaya: lokacin da ya ci abinci da yawan abin da ya ci, kofin ruwa nawa ya sha, magani da lokacinsa, juyi da lokacinsa, fitsari da bayan gida, wanka, duk wani sabon abu a fata, da sa hannun wanda ya yi. Kada ka raina maganar ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar ni da kai, a zafin Jidda kuwa in na'urar sanyi ta tsaya rabin yini, sai ka ga mutum ya rikice yana sambatu, a ce tsufa ne, alhali ruwa ne ya ƙare a jikinsa. Mai ciwon sukari a rubuta awonsa, allurarsa tana firiji ba a kan taga ba.

Littafi kuma ba ya karanta kansa. Yaro mai wayo zai iya zama bayan isha'i ya cike shafin yini guda da biro ɗaya. Maganin wannan ƙafarka ce. Ka rufe shago wani dare ka je ƙarfe biyu ba tare da ka kira ba. Hancinka zai ba ka labari tun daga bakin ƙofa. Ka taɓa zanin gado, ka duba littafi ya ce an juya Baba ƙarfe ɗaya zuwa dama, ka ga ko a dama yake. Ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali ka gwada da abin da aka rubuta. Ka ba iyalai damar zuwa duk lokacin da suka ga dama su buɗe littafin mahaifinsu. Matar nan da ta tayar muku da hankali, ita kaɗai ce ta yi maka aikin bincike cikin wata goma sha takwas, kuma kyauta.

Yaron zai ji zafi, zai ce Kawu ya daina yarda da shi. Zaunar da shi ka nuna masa cewa ranar da wani abu ya faru, shi za a fara riƙewa, kuma shafin nan mai sa hannunsa shi ne kaɗai zai tsaya masa. Ka raba shi da karɓar kuɗi, iyalai su riƙa turawa ta banki. Ka yanka masa albashi na gaskiya da ranar hutu.

Riyal 40,000 ɗinka kuwa sun riga sun sami wurin zuwa: mai kwanan dare tun daga wannan makon, ma'aikacin jinya mai rajista da zai riƙa zagayowa, katifar iska ga wanda ba ya tashi, ƙarfen riƙewa da shimfiɗar hana santsi a banɗaki, da kuɗin lauya mai lasisi wanda zai gaya maka matsayinka kafin ka je reshen ma'aikatar a Jidda ka tambayi sharuɗɗan da bakinka. Kada ka ƙara ko mutum ɗaya kafin nan. Ka yi wata uku a haka, ka sake lissafi. Zato na shi ne za ka ga riyal 2,500 ba ta ɗaukar nauyin dattijon da ke kwance, sai dai a ƙara kuɗi sosai, kuma yawancin iyalan nan ba za su iya ba. In haka ta fito, ka ba su wa'adi mai yalwa, ka taimaka a mayar da kowa hannun 'ya'yansa ko a haɗa su da wata jam'iyyar hairiyya, wato ƙungiyar agaji, mai rajista, ka koma wa turarenka da ka san kansa.

In ka sake rubuto mini, ka haɗo da hoton shafukan makon farko, a rufe sunayen, da abin da likita ya ce game da gyambon.