Na juya maganar da kalmomina, dole ne sai na ambaci mai ita?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jos, ina rubuta kundin kammala digiri. Mai duba aikina ya dawo mini da babi na biyu da jan biro ko'ina, wai ban nuna inda na samo bayanai ba, alhali duk littattafan suna cikin manazarta, kuma ban kwafi kowa kai tsaye ba. Ina kuskurena?

Amsa: Malama, kuskuren yana cikin wannan "alhali" ɗin. Manazarta tana faɗa wa mai karatu littattafan da kika duba, amma ba ta nuna masa wace magana ce ta wa. Kin sauya wa ra'ayi riga, amma har yanzu mai shi ne mai shi. Don haka a wurin da kika kawo shi za ki ambace shi, ba sai an je ƙarshen kundi ba.

A tsarin APA, wato ɗaya daga cikin ƙa'idojin ambaton marubuta a rubutun bincike, wanda sassan jami'a da yawa ke bi, sunan ƙarshe na marubuci da shekara kawai ake so: (Bargery, 1934). Idan sunan ya shigo cikin jimla, shekarar kaɗai za ki sa a baka: Newman (2000) ya nuna kaza. In kalmominsa kika ɗauko yadda suke, ki sa alamar zance da lambar shafi. In sun kai 40, ki ware su a sakin layi nasu. Marubuta uku ko fiye, bugu na 7 na littafin ƙa'idojin APA ya ce a rubuta na farko a bi shi da et al., wato "da sauransu". Tsarin MLA kuwa, wata ƙa'idar ambato ta daban, shafi yake so, ba shekara ba, sai ki tambayi wanda sashenku ke bi.

Kada ki sa Farfesa ko Alhaji a cikin baka, ko da malaminki ne. Na san nauyin abin, amma ba rashin ladabi ba ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Gusau kawai za ki rubuta.

Abin da ya fi kama ɗalibai shi ne ambaton littafin da ba su taɓa riƙewa ba. In a wajen Newman kika tsinci maganar Bargery, ki rubuta cewa Bargery ne ya faɗa, kamar yadda Newman ya kawo, kuma Newman ne zai shiga manazarta. Ranar kare kundi ana iya tambayar ki a wane ɗakin karatu kika ga bugun 1934.